Buta Mai Jan Zare

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na bi uban yarinyar da nake nema cikin daji a guje, shi yana neman wurin tsugunawa, ni ina neman butar da ke hannunsa. Shekaru sun tura, gemu ya yi fari, na sha karanta labarai masu nauyi a rediyo muryata ba ta yi rawa ba, amma duk ranar da wannan ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Bari in faro daga tushe, domin wanda bai san motar ba, ba zai gane butar ba.

Lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ba a kai ga yanka mana tamu jihar ba. Ni saurayi ne, wakilin gidan rediyo a garin, da rikoda rataye a kafaɗa da ra'ayi a kan komai. An horar da ni in tace labari kafin in faɗe shi: wa ya faɗa, a ina ya gani, wa ya tabbatar. (Ku riƙe wannan, za ku ga inda horon ya tsaya.) Wata shekara aka tura ni Argungu ɗauko rahoton bikin kamun kifi. A zamanin har tseren motoci ake haɗawa da shi. Jama'a suna bakin ruwa suna kallon masunta, ni ina bakin hanya baki sake, ina kallon motoci masu lamba a ƙofa suna wucewa kamar an harbo su daga baka. Rahoton da na aika ranar, kifin da ke cikinsa ba zai ƙosar da kyanwa ba.

Na dawo gida da cuta. Ina da wata tsohuwar mota fara, lafiyayya, mai haƙuri, wadda ba ta taɓa yi mini laifin komai ba. Na ɗauke ta na kai wa Bawa.

Bawa bakanike ne, abokina tun firamare, kuma mutum ne da bai taɓa jin shawarar banza ya ce a'a ba. In ka ce masa kana son motarka ta tashi sama, ba zai tambaye ka dalili ba, sai dai ya tambaye ka irin fiffiken da kake so. Muka zauna a kan tsohuwar taya muka tsara yadda za mu lalata baiwar Allah. Aka ƙara mata kafireta ta biyu, wato abin da ke haɗa iska da fetur. Aka kai kan injin Sakkwato aka kankare shi don ya ƙara ƙarfi. Aka cire salansa aka ɗaura bututu mai faɗin bakin tulu. Aka rage mata tsawo har cikinta yana gaisawa da duk wani tudu na hanyar unguwar Nasarawa. Bawa ya ce motar tsere ba ta son nauyi, saboda haka aka kwance duk abin da ke kwantuwa, har da hannayen buɗe ƙofar baya na ciki. (Nauyinsu bai kai na cokali ba, amma mun cire.) Aka ja jan layi biyu daga goshinta har wutsiya.

Abu na ƙarshe ni na zaɓo shi da hannuna a wani shagon kayan mota a Sakkwato: sandar auna mai, ƙarfen nan siriri da ake zarowa daga inji a duba inda baƙin mai ya tsaya. Tsohuwar ta yi baƙi, ta lanƙwashe. Sabuwar kuwa sai walƙiya take, da jan zobe a kanta. Na soka sabuwar, na jefa tsohuwar cikin but, wurin kaya na bayan mota, na manta da ita.

Na raɗa wa motar suna Walƙiya. In na taso daga gida, mutanen kasuwa sun san na taso. A majalisarmu ta masu shan shayi na yi bayani mai tsawo a kan yadda iska da fetur ke haɗuwa a cikin inji, har na ce duk faɗin Kabi babu injin da ya kai nawa lafiya. Na faɗa da muryar karanta labarai, aka yarda.

Ba a jima ba Walƙiya ta fara shan mai.

Ba fetur nake nufi ba, wannan dama ta mai da shi ruwan randa. Baƙin mai nake nufi. Da safe in zaro sanda, in ga mai can ƙasa, da ƙyar ya laso bakinta. In zuba har ya kai layin sama. In je Jega in dawo, in zaro sanda, wayam. A bayana kuma hayaƙi shuɗi yana bin hanya kamar ana gashin kifi. Masu tambaya na ce musu motar tsere haka take numfashi.

A ɓoye kuwa na shiga bincike, kuma na yi shi kamar yadda aka koya mini, mataki bayan mataki. Tambaya ta farko: yoyo take? Na shimfiɗa tsohuwar tabarma a ƙarƙashinta ta kwana a kai. Da safe tabarma a bushe, ko ɗigo babu. Ta biyu: man yana shiga ruwa ne? Na buɗe lagireto, ruwa garau. Ta uku: sata ake yi? Kada ku yi dariya, a unguwarmu ana shafa baƙin mai a jikin azara saboda gara, kuma maƙwabcina yana cikin yin rufi. Na barbaɗa toka na kewaye motar. Washegari na sami sawu iri biyu: na akuya da nawa. Na daɗe ina kallon akuyar.

Na koma wurin Bawa. Ya kwance fulogai, ga su baƙi ƙirin, jiƙe da mai.

"Ringi na," in ji shi. "Shina ƙona mai. Sai an sauke inji."

Aka sauke inji, aka sa sabbin ringi. Ta ci gaba da sha.

"To, robobin bawul na."

Aka canza robobin bawul. Ta ci gaba da sha. Muka koma mai mai kauri kamar zuma, ta shanye ta lashe baki. Akwai wani ɗan tiyo da ke fitowa daga kan inji ya shiga matatar iska, wanda injin ke numfashi ta cikinsa. Kullum muka duba sai mu same shi sharkaf da mai. Na nuna wa Bawa. Ya goge shi da tsumma ya ce, "Wanga zuhwa ta. Ɗan kokawa ba ya rasa zuhwa. Kuma ƙarhi sai da ci, ka ci gaba da ba ta." Na gyaɗa kai, domin maganar ta yi daidai da abin da nake son ji.

Matsalar ita ce yawo da man. Mutumin da ya ce injinsa ya fi na kowa lafiya ba zai riƙa fito da galan a tsakiyar gari ba. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da Shaiɗan ke bayarwa kyauta. Na sayi butar roba irin wadda ke cikin but ɗin kowace mota, na ɗura mai a ciki. Bakin buta kuwa kamar don zuba mai aka halicce shi, ba ka bukatar mazurari. Suka zama butoci biyu a but, launi ɗaya, girma ɗaya: ta ruwa da ta mai. Don kada in rikice, na ɗaura wa ta man jan zare a mariƙi. Na yaba wa kaina ƙwarai a kan zaren nan.

Yanzu sai maganar Kulu.

Kulu 'yar Malam Garba ce, a Nasarawa. Malam Garba malami ne mai karantarwa a zaure, kuma manomin albasa da shinkafa a fadama. Gajere, mai tsabta, mai ƙarancin magana. In ya dube ka ta saman tabarau sai ka tuno laifin da ka yi tun kana aji ɗaya. Magabatana sun aika a ba su rana su zo neman aure, ya ce a dakata, yana nazari. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Abin da aka ce yana damunsa shi ne motar: yaron da ke tada unguwa da ƙara, anya zai iya riƙe gida?

In na je zance da la'asar sakaliya, nakan ajiye motar ɗan nesa, goshinta na kallon wata katanga, don wanda ke zaune ƙofar zaure ba ya ganin abin da ke faruwa a gabanta. Kafin in tafi sai in buɗe but, in ɗauki buta, in zagaya gaba, in ɗaga bonet a hankali in ba Walƙiya abincinta. Sannan in fito ina goge hannuwa da hankici har gwiwar hannu. Ban taɓa tunanin yadda abin ke bayyana daga tabarmar Malam ba, sai ranar da Kulu ta tare ni da murmushi.

"Malam mai labarai, ka ci jarrabawa guda."

"Wacce?"

"Baba ya ce duk yaran zamanin ga bai ga mai riƙon alwala kamarka ba. Ya ce ko yaushe ya ɗaga kai, kana da buta."

A nan ne mutumin kirki zai ce, a'a, ba haka ba ne. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce, "Ai ba komai, sabo ne." (Wa ya faɗa, a ina ya gani, wa ya tabbatar. Labarin ƙarya ya zo har gabana, na buga masa hatimi.) Kulu ta ɗan shinshina iska ta ce ita dai ruwan alwalata warin gareji yake, amma ba ta ja zancen ba.

Ana nan sai ɗaurin auren wani ɗan ƙanen Malam ya taso a Argungu. Mutanen unguwa suka yi hayar bas, amma Malam ya aiko cewa shi a motata zai tafi. Kulu ta fassara mini saƙon: "Nazarin ya zo ƙarshe. Hanya za ta nuna masa kai. Don Allah kada ka yi gudu, kada ka yi surutu, kada ka yi bayanin inji."

Ranar na wanke mota, na cika ta da mai har layin sama tun a gida, na sa babbar rigata mai ruwan sararin sama. Malam ya fito cikin farar shadda wadda ta sha bugu, tana ɗaukar ido. Tare da shi akwai Baba Manu, taubashinsa, dogon tsoho mai ciwon gwiwa da lafiyar baki. Tun tasowarsu suke tsokanar juna, kuma Baba Manu ne kaɗai a duniya ke kiran Malam da sunansa tsirara. Malam ya zauna gaba, Baba Manu ya naɗe kansa ya shiga baya.

"Ɗan rediyo," in ji shi, "wagga mota ko kabari? Gwiwata na bakin haɓata."

"Yi haƙuri, Baba, haka ƙirarta take."

"Garba, in mun mutu ba sai an yi muna gina ba. A tura mu haka nan."

Na ja mota a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Bas tana biye da mu, tana shan hayaƙinmu. Muka wuce Ambursa lafiya. Malam ya tambaye ni iyayena, ya tambaye ni wurin wanda na yi karatun allo, na amsa a taƙaice. Har na ga ya gyaɗa kai sau ɗaya. A raina na fara zaɓen ranar biki.

Can gaba, inda gonaki suka ƙare sai sabara da kalgo, Malam ya ce, "Samari, ɗan tsaya nan."

Na gane. Dattijo ne, kuma an sha shayi kafin a fito. Na gangara gefen hanya, na fita na buɗe but da niyyar in miƙa masa butar ruwa da hannu biyu. Kafin in kai hannu sai ga bugu daga cikin mota.

"Kai, ɗan rediyo! Ina hannun ƙohwar ga? An rufe ni!"

Hannun da muka cire saboda nauyi. Na ruga na buɗe masa daga waje. Fitowar kuma ta zama aiki: ƙafa ɗaya ta fito, ɗayar ta ƙi, na kama hannuwansa ina ja yana salati yana zagin wanda ya ƙera motar. Bas ta iso ta tsaya a bayanmu, mutanen unguwa suka fara sauka suna miƙe ƙafa. Da na samu na tsayar da Baba Manu a kan ƙafafunsa, na waiwaya.

Malam ya riga ya yi nisa cikin sabara, yana tafiya a natse. A hannunsa na hagu akwai buta. A mariƙinta jan zare yana lilo.

Ku tsaya ku auna matsayina. Wanda ake neman 'yarsa ba a ƙwala masa kira. Ba a haɗa ido da shi sosai, balle a ɗaga masa murya. Kuma ko ba suruki ba, duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san ba a bin mutumin da ya ɗauki buta ya nufi daji. Ko bashi kake binsa sai ka jira ya fito. A ɗaya gefen kuma ga abin da zai faru idan na tsaya a kan ladabi: dattijo, malami, cikin farar shadda, a kan hanyar ɗaurin aure, zai yi tsarki da man inji mai kauri kamar zuma.

Na fizgi butar ruwa na bi shi, da nufin in musanya ba tare da an yi magana ba.

Da farko tafiya nake, mai ɗan sauri. Na yi gyaran murya. Malam ya waiwayo, ya ga saurayi da buta yana biye da shi. Abin da kowa zai fahimta shi ya fahimta: yaron nan mai yawan alwala shi ma ya matsu. Saboda kara irin ta manya, sai ya bar mini kalgon da ya nufa, ya karkata dama. Na karkata dama. Ya sake waiwayowa, ya ƙara sauri, ya yi hagu. Na yi hagu. Na ɗaga butata sama ina nuna masa, ina nufin ga taka nan. Shi kuma ya ɗaga tasa, yana nufin ai ina da tawa. Daga nan ban san wanda ya fara ba, sai dai na ga muna sassarfa, dattijo a gaba ya tattare riga, ni a baya ƙaya na kama mini wando. Daga bakin hanya, an ce, abin ya yi kama da tsere, kuma an ce Malam ne ke kan gaba da tazara mai kyau.

Ya sami wata sabara mai duhu ya shige bayanta. Ina hango hularsa. Hular ta fara yin ƙasa.

A nan duk wata dabara ta ƙare. Na buɗe baki, kuma muryar da ta fito ba ta ɗan neman aure ba ce. Muryar aiki ce, wadda aka horar don ta kai ƙauyen da batirin rediyonsu ya yi sanyi.

"Baba! Kada ka yi tsarki! Mai ne!"

Tsuntsaye suka tashi. Can bakin hanya hayaniyar mutanen bas ta ɗauke ɗif.

Hular ta dawo sama a hankali. Malam ya fito daga bayan sabara, ya dube ni ta saman tabarau.

"Yaro, dajin ga duk bai ishe ka ba? Mi kaka biɗa gare ni?"

"Allah gafarta Malam, butar... ba ruwa ba ne a ciki."

Ya dubi butar. Ya ɗan karkata ta. Wani siririn zare mai ruwan zinariya ya zubo daga bakinta, a hankali, yana naɗewa a kan yashi. Da na tsaya a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma jikina ya ga ya kamata ya taimaka. Na kai hannu da sauri in karɓa, shi kuma bai saki ba. Murfin ya yi tsalle. Rabin abin da ke ciki ya bi gaban farar shadda tun daga aikin wuya har ƙasa.

Muka yi tsaye, mu biyu, muna kallon man yana gangarawa. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba, ni da na san shirun da ke biyo bayan an ɗauke wuta ana tsakiyar labarai.

Malam ya miƙo hannu. "Ba ni waccan."

Na ba shi butar ruwa. Ya buɗe murfin, ya leƙa, ya shinshina, ya zuba kaɗan a tafin hannu ya murza. Sannan ya nuna ƙasa da yatsa.

"Tsaya nan. In ka ƙara taku guda, kai da Allah."

Ya koma bayan sabara ya ƙarasa abin da ya kawo shi. Ni kuwa na juya baya na tsaya ƙiƙam kamar dogari.

Fitowarmu bakin hanya ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi. Malam a gaba da butoci biyu da riga mai taswira, ni a baya hannu wofi. Mutanen unguwa kowa ya sami abin kallo a sama ko a ƙasa, kafaɗu kawai ke rawa. Baba Manu kaɗai ya ƙi rufa asiri. Ya dafa mota, ya ƙare wa Malam kallo.

"Garba, juyen mai anka yi maka? To madalla. Dama tun bara nika jin kana ƙara in ka tashi zaune. Ɗan rediyo, ka duba mai birki ma, tunda an fara."

Wani ya fashe, sai kowa ya fashe. Na tuɓe babbar rigata na miƙa wa Malam. Ya karɓa ya sa. Ta yi masa yawa har tana sharar ƙasa. Ya naɗe tasa ya jefa a but, amma butar mai jan zare ya shiga da ita gaba, ya ajiye tsakanin ƙafafunsa.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Wato alwalar ga da nika gani kullum gindin katanga."

"Ta mota ce, Baba."

"Ta mota."

"Shan mai take. Na rasa kanta. Kunya ta hana ni yawo da galan."

"Kunya," in ji Malam, kamar yana ɗanɗana kalmar. A kujerar baya Baba Manu yana ta share hawayen dariya yana cewa a tsaya zai mutu.

A Argungu aka ɗaura aure, ni ina can gefe cikin 'yar ciki kamar direban haya. Kafin a shafa fatiha labari ya gama wurin. Yara da manya suna zagayo mota su dube ni su tafi. Da za mu dawo, na san bisa lissafina man ya yi ƙasa, ya kamata in nemi gidan mai in ƙara. Amma in ɗaga bonet a gaban mutanen nan? Na ce a raina gara injin ya buga, mu kwana a daji. Na tada mota ina jiran jan fitilar mai ta kama.

Ba ta kama ba. Abin mamaki ma, hayaƙin ya fara raguwa. Kafin mu kai Ambursa na duba madubi, ina ganin bas tar, har fuskar direba. Muka shiga Birnin Kebbi injin yana kiɗa lafiya lau. Na sauke su. Malam ya fita da rigata a jikinsa da butata a hannunsa, bai ce mini ko sai da safe ba.

Kwanakin da suka biyo ban je zance ba, ban je majalisa ba, ban kuma ƙara wa motar ko ɗigo ba, don fushi nake da ita. Ita kuwa sai ƙara lafiya take. Ranar da na kai ta wurin Bawa a wanke but ɗin da rigar Malam ta ɓata, muna fitar da tarkace sai ga tsohuwar sandar auna mai, baƙa, lanƙwasasshiya. Ban san abin da ya sa ba, na zaro sabuwar na jera su a kan benci.

Sabuwar ta gaza tsohuwar tsawo da kusan faɗin yatsu uku.

Na soka tsohuwar na zaro. Mai yana daidai layin sama, cif.

Muka zauna a kan tayar nan da muka fara zama. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Sanda gajera ba ta isa inda man yake, sai ta ce babu. Ni kuma in zuba har ya hau inda za ta taɓa shi, wato ya wuce ƙima nesa. Injin ya rasa yadda zai yi da shi, ya turo shi ta tiyon numfashi, kafireta ta haɗiye, ya ƙone ya fita shuɗi. In ta amayar da abin da ya yi mata yawa ta dawo daidai, sai in sake zuwa da buta. Walƙiya ba ta taɓa shan mai ba. Ɗura nake yi mata, kamar jaririn da ya ƙoshi ana toshe masa hanci. Ringi, robobin bawul, tabarma, toka, akuyar da na yi wa mugun zato, duk saboda jan zobe mai walƙiya.

Bawa ya sosa ƙeya. "Ni dama tun farko na so in ce..."

"Bawa, rufa mana baki."

Da yamma Malam ya aiko kirana. Na tafi a ƙasa, na bar motar a gida. Na durƙusa a bakin tabarma ina jiran hukunci. Ya gama shafin da yake dubawa, ya cire tabarau.

"Man ga mai kyau na," ya ce. "Na zuba ma injin ban-ruwa, ya karɓa."

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Kulu ta ce kai ta faɗa ma zancen alwala, ka yi shiru ka amshe. Wannan ban ji daɗinai ba."

Na ce na tuba. Ya ci gaba.

"Amma na yi nazari. Kana iya tsayawa bakin hanya ka yi kamar ba ka gani ba, in na hito ka ce ba ka san wanda ya zuba ba. Ka zaɓi ka zubar da kunyarka don tawa ta tsira. Ka ce ma magabatanka su zo." Ya mai da tabarau. "Sai dai abu guda. Unguwa ta riga ta shaide ka da alwala, kuma ni na hwara shaidar. Ba ka mai da ni maƙaryaci. Daga yau ka riƙe ta, da ruwa."

Haka na zama mutum mai yawan alwala, ba don na fi kowa tsoron Allah ba, sai don ina tsoron surukina. Rigata kuwa ba ta dawo ba. Ya kai an rage mata tsawo, kuma da ita ya zauna ranar ɗaurin aurena, Baba Manu a gefensa yana tambayar jama'a ko akwai mai bukatar juye.

Abin da na koya bai da yawa. In abu ya yi ta ce maka babu, kafin ka sauke inji ka fara auna ma'aunin. Buta kuma ta ruwa ce, duk wanda ya ba ta wani aiki zai yi bayani a gaban jama'a. Malam ya yi shekaru yana zuwa gidana, ya ga jikokinsa, ya yi mini addu'a iri-iri. Amma har ya koma ga Allah, ban taɓa miƙa masa buta ya karɓa kai tsaye ba. Sai ya buɗe murfi, ya shinshina, ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya ce bismilla.